Gwiwar Ɗan Brazil

Duk Dutsin-Ma an yarda cewa yayana ya buga ƙwallo a Brazil. Bai buga ba. Bai taɓa taka ƙasar ba, ko a taswira sai ya yi lalube kafin ya nuna maka ita. Amma har yau in ka shiga gidan kallon ƙwallo na bakin tasha ka ce "Ɗan Brazil," kowa ya san wanda kake nufi, kuma ba za a rasa wanda zai rantse maka ya gan shi a talabijin ba. Ƙarya ce. Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Duk sa'ad da ya canja kulob sai gari ya ɗauka, "An sake sayensa!" ana murna kamar ƙarin girma aka yi masa. Korarsa ake yi. Wani lokacin ma ba ya jira a kore shi.

Ni ce autar gidanmu, ni nake dafa ruwan da ake gasa masa gwiwa, don haka ba wanda zai koya mini labarin.

Ya iya ƙwallo, wannan ba zan tauye shi ba. Daga filin firamaren unguwarmu aka ɗauke shi zuwa Katsina, daga Katsina Kano, daga Kano wani gari a kudu da bai ko shekara a ciki ba. Ya yi Maraɗi. Ya yi Sudan, inda gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Daga can ya faɗa wani ƙaramin kulob a ƙasar Larabawa, irin wanda 'yan kallonsa ba su kai na wasan unguwa ba. A nan aka haɗa shi ɗaki ɗaya da wani mutumin Brazil na gaskiya, ɗan wasan tsakiya, wanda kowa a kulob ɗin ke kira Tsoho saboda sanƙonsa da yawan shekarunsa. Wata rana suka ɗauki hoto tare, Yaya sanye da rigar ruwan ɗorawa da Tsoho ya ba shi, Tsoho ya dafa kafaɗarsa. Hoton ya iso gida. Wani ya ce ai yanzu yana Brazil. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Inna kuwa ta ɗauki maganar ta kai gidan biki, ta kai gidan suna, ta kai har Rawayau wajen danginta. Shi ke nan suna ya zauna.

Tsohon nan shi ne malaminsa. In Yaya ya fara lissafa kulob ɗin da mutumin ya buga wa, sai ka gaji ka tashi. Ya fara da ƙananan kulob a ƙasarsu, waɗanda ko 'yan Brazil ɗin ba duka suka san su ba. Aka ba da shi aro, aka dawo da shi, aka sake ba da shi aro. Ya tafi Portugal a rukuni na ƙasa, ya yi wani tsibiri a tsakiyar teku, ya yi ƙasashen Asiya inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya yi Larabawa, ya koma Asiya. Ba inda ya ci kofi. Ba inda ya daɗe har yaran unguwa su san fuskarsa. Yana da 'ya mace da ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, duk a cikin waya yake kallonta. Yaya yana ba da wannan labarin da alfahari, kamar tarihin wani waliyyi.

Sau ɗaya na taɓa ganin Tsohon. Yaya ya kira mu ta bidiyo, ya juya wayar, sai ga wani mutum a zaune a bakin gado ba riga, ya ɗaure gwiwoyinsa biyu da ledar ƙanƙara, yana cin shinkafa da wake a cikin tukunya. Ya ɗaga mana cokali yana dariya. Inna ta matso ta ƙura ido.

"Wannan ai garau-garau yake ci," ta ce. "Can ma talaucin ne?"

Abin da ya koya wa Yaya ba yanka ba ne, ba bugun tazara ba. Ya koya masa yadda ake zama a kulob da gurguwar gwiwa. Ka isa da allurarka ta kashe zafi, a yi maka ita kafin gwaji, ka naɗe gwiwar ƙarƙashin doguwar safa, ka yi gudu kamar mahaukaci a makonnin farko har koci ya sa hannu. Bayan nan ka riƙa lallaɓawa. Ranar da ka ga likitan kulob ya fara kallon ƙafarka maimakon fuskarka, ka nemi wani gari. Kuma kada ka taɓa kwance jakarka. Tsoho bai taɓa jera kaya a durowa ba, in ji Yaya, buroshin haƙorinsa ma a aljihun jaka yake kwana.

Da Yaya ya dawo gida bana, ana saura kaɗan babbar Sallah, da jaka ɗaya ya dawo, baƙa, mai taya. Samari suka raka motarsa da babura tun daga tasha suna ta hon. Ya sauko yana murmushi, yana tafiya a hankali, mutane suka ce ƙasaita ce. Da aka watse ya shiga ɗaki ya kira ni.

"Auta, ɗora mini ruwa. Kada Inna ta gani."

Na kawo ruwan da tsumma. Ya naɗe wando. Gwiwar ta kumbura ta yi sulɓi kamar ƙwaryar da aka shafa wa mai, ga tabon allura baƙi-baƙi kewaye da ita. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Wannan ce aka yi ta saye?" na ce.

"Bakinki ya yi yawa."

"Me likita ya ce?"

Bai so faɗa ba. Sai da na ajiye tsumman na ce to ya gasa da kansa. Likitan can ya gaya masa jijiyar ta kusa rabuwa, abin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye. In ya bar ƙwallo yanzu aka yi masa aiki, zai yi tafiya kamar kowa. In ya ci gaba da allura yana gudu a kanta, sanda zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Yana da shekara talatin da 'yan kai.

Na ce to ai magana ta ƙare. Ya ce Tsoho ma haka aka gaya masa tun shekarun baya, ga shi nan yana bugawa.

Jakar nan kuwa a bayan ƙofa ya jingine ta. In zai sa riga ya zuge, ya ɗauka, ya zuge. A ɗakin da aka haife shi. Na ce ya ba ni in jera masa kayan a durowa, ya buge mini hannu.

Babanmu dillalin shanu ne. A kara ya girma, a kara ya yi furfura. Bai taɓa kallon wasan ƙwallo daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma bai taɓa cewa "an sake sayensa" da murna ba. Washegarin dawowar Yaya, Baba yana zaune a zaure da abokansa biyu, Yaya ya zo wucewa ya durƙusa gaisuwa. Durƙuson ya yi shi da ƙafa ɗaya a miƙe. Ina tsaye da tiren shayi. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Alhaji, ka gode wa Allah. Ƙasa-ƙasa ana rububin ɗanka."

Baba ya bi bayan Yaya da kallo har ya fita.

"Ni dai a sana'ata," ya ce, "in na ga sa a kasuwar nan, na gan shi Charanchi, na sake ganinshi Mai'aduwa, ba ni tambayar kuɗinshi. Ƙafa nike dubawa."

Baƙin suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake. Yaya bai yi nisa ba, ya ji. Baba ma ya san ya ji.

A wajen Baba akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi: faɗin aibi. In dabba tana da ɗingishi, ko ta taɓa karaya, ko ido ɗaya ba ya gani sosai, sai ya faɗa wa mai saye kafin a sallama, ko mai dabbar yana harararsa. Ya sha rasa ciniki a kan haka. Tun muna yara muke jin ana ce masa ya cika tsauri. Amma a kan ɗansa, bayan maganar zauren nan, bai ƙara cewa uffan ba.

Kawu ne ya kawo maganar wasan. Ƙanen Inna ne, yana zaune a Kurfi, kuma duk shekara shi yake shirya wasan bayan Sallah tsakanin samarin Kurfi da na Dutsin-Ma. Ya zo da babur, da wata babbar leda a naɗe a hammata. Ya warware ta a tsakar gida: hoton Yaya ne da rigar ruwan ɗorawa, an yanke Tsoho, saura yatsunsa huɗu a kan kafaɗar Yaya.

"An riga an manna irinta a tasha da bakin kasuwa," in ji Kawu. "Har Barkiya an kai. Ɗana, kai za ka ja Dutsin-Ma. Mutanenmu na Kurfi sun ce ko an ci su sun yafe, su dai su gan ka."

"Kawu, hutu na zo," Yaya ya ce.

"Hutu? Ka buga wa arnan duniya, ka ƙi buga wa dangin uwarka? Ke kuma yayata, kin ji ɗanki?"

Inna tana tankaɗe. "Zai buga mana," ta ce. "Kawunka ne fa."

Na ce, "Ba zai iya ba. Ƙafarsa ba lafiya."

Kawu ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ke kuma likita kika zama? Daga gama sakandare?"

"Ba sai na zama likita ba. Ya naɗe wando ku gani."

"Ke, Auta!" Inna ta daka mini tsawa. "Wane irin baƙin baki ne wannan? Yayan naki kike yi wa mugun fata?"

Na kalli Yaya. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai ya yi dariya, ya ɗan bubbuga cinyarsa, ya ce ɗan targaɗe ne, yarinya ce ba ta san jikin ɗan wasa ba. Ya ce wa Kawu ya je ya shirya fili.

Da Kawu ya tafi na bi Yaya ɗaki. Ya riga ni magana.

"Rabin lokaci kawai zan yi. In taɓa ƙwallo, in ba da ɗaya a ci, in fito ana tafi. Na yi wa kociyoyin da suka fi Kawu wayo."

"Can in sun gane sai ka ɗauki jaka," na ce. "Nan in sun gane, ina za ka?"

Ya ce in fita in ja masa ƙofa.

Ranar wasan da hantsi wani mai kyamis ya zo ta ƙofar baya da allura a aljihu. Ni na riƙe ƙafar, don ba wanda zai riƙe. Yaya ya cije gefen matashi. Bayan ɗan lokaci ya miƙe, ya yi tsalle sau biyu, ya naɗe gwiwar da bandeji yadda Tsoho ya koya masa, ya ja safa har sama. Wallahi in ba ka sani ba sai ka ce sabuwar ƙafa aka sa masa.

A filin wata firamare aka yi wasan, bayan la'asar. Ni da 'ya'yan Kawu mata muka tsaya a barandar aji tare da masu awara da zoɓo. Ban taɓa ganin taro irin wannan a Kurfi ba. Babura sun yi layi har bakin hanya. Mutanen ƙauye sun zo, na Rawayau da na Barkiya, Fulani da sandunansu a kafaɗa, manoma, 'yan kara abokan Baba, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiyar dalbejiya. Da Yaya ya shigo fili aka ɗauki ihu, "Brazil! Brazil!" Ya ɗaga hannu. Na ga fuskarsa. Rabona da in ga irin wannan farin cikin a fuskarsa tun ina firamare.

Da farko ya yi kyau. Ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya kwantar da ita, ya yanke mutum biyu. Ya ba da wata ƙwallo mai tsawo da ta faɗa daidai ƙafar ɗan gabanmu, sakaran ya buga ta sama. Aka yi ta tafi.

Abin da Tsoho bai sani ba, kuma Yaya ya manta, shi ne su waye a bakin filin. Kocin ƙasar waje yana kallon ƙwallo, yana kallon agogo. Waɗannan mutane ne da tun suna yara aikinsu su tsaya bayan garke su gane wace ce ke jan ƙafa. Ba su san dokar satar gida ba, amma ba a ɓoye musu ɗingishi da doguwar safa. Ba a daɗe da farawa ba na ji wani dattijo kusa da baranda ya ce wa na gefensa, a natse, kamar suna kara, "Ta hagun nan ba tashi ba ce. Ba ya dogara da ita." Na gefen ya ce, "Na gani. Dama kawai yake juyawa."

Magana ta bi bakin fili kamar wuta a ciyawa. Sai wani ya ɗaga murya:

"Ku tura shi hagu! Ƙafar hagu ta mutu!"

'Yan bayan Kurfi suka ji. Ba su doke shi ba, wannan nake so a sani, don daga baya Inna ta ce tarwatsa shi aka yi. Ba wanda ya taɓa shi. Tare masa dama kawai suka riƙa yi, suna bar masa hagu a buɗe kamar ƙofar zaure. Ya gane. Ya riƙa mayar da ƙwallo baya. Mutanen da suka yi masa ihu ɗazu suka fara tsaki.

"Haka ake yi a Brazil ɗin?"

"Ɗan Brazil, ko a mota ka baro ƙafar?"

Ya kamata ya fita a lokacin. Saura kaɗan a tafi hutun rabin lokaci, ya ɗaga hannu kawai a canja shi. Amma wani yaro ɗan bayan Kurfi ya tsaya a gabansa, ya buɗe hannuwa, ya nuna masa hagu da haɓa yana dariya. Yaya ya dasa ƙafar hagu ya juya.

Daga baranda na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen rake. Ya zube. Bai yi ihu nan take ba, saboda allurar, sai ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, ya koma ƙasa. Ya sake gwadawa. Wannan gwaji na biyun shi ya ba mutane dariya. Ba kowa ba, akwai masu salati. Amma dariyar ta fi ƙarfi.

Ba abin ɗaukar majiyyaci. Wani mai ruwa ya sauke jarkokinsa, aka ɗora Yaya a kura, ƙafafunsa na reto, aka tura shi ta tsakiyar fili. Samari suka bi kurar suna tafi a jere, "Bra-zil! Bra-zil!" Kawu yana tsaye da usur a wuya yana roƙon a ba da hanya a ci gaba da wasa, don mutane sun zo daga nesa. Aka kuwa ci gaba. Kurfi ta ci.

Kafin mu iso gida bidiyon ya riga mu. Wani ya ɗauka tun daga juyawar har kura, ya sa masa kiɗan biki, ya maimaita faɗuwar a hankali, ya sake maimaitawa. Ƙawayena na makaranta suka turo mini, wasu da "Allah ya ba shi lafiya," wasu da fuskar dariya, wata da duka biyun. Na zagi wadda zan zaga. Ban goge bidiyon ba, ban san dalili ba a lokacin.

Inna ta so a kai shi wajen mai ɗori. Na ce ba karaya ba ce, in mai ɗori ya ja ƙafar nan sai dai a yanke ta. Muka yi ta yi har Baba ya ce a kai shi asibiti a Katsina. Likitan ya duba hoton, ya duba tabon allurar, ya tambayi Yaya ko shi maƙiyin kansa ne. Ya ce har yanzu akwai sauran dama, amma ita ce ta ƙarshe: a yi aiki, ya kwanta watanni, ya manta da ƙwallo. In ya sake sa allura ya yi gudu a kan ƙafar nan, kada ya dawo wajensa.

Aka sa ranar aiki bayan kaka. Yaya ya dawo gida ya zauna a ɗaki. Masu zuwa gaishe shi suka ɗauke ƙafa. In ya fita masallaci da sandar asibiti, yara sukan bari sai ya wuce sannan su fara tafin nan a hankali. Ledar hotonsa da ke tasha wani mai shayi ya cire ya yi rumfa da ita. Kawu bai zo ba sai sau ɗaya, ya ce ai da an faɗa masa Yaya ba shi da lafiya da bai matsa ba. Ina wurin. Na ce, "Kawu, an faɗa maka." Ya ce wa Inna ta yi wa 'yarta tarbiyya.

Duk wannan zan iya jurewa. Ina ganin ma ya yi masa amfani, ko ba komai ya zauna wuri ɗaya. Kumburin ya fara sauka. Ya ajiye sanda. Har ya fara raka Baba kara ranar kasuwa yana zama a inuwa.

Sai Tsoho ya kira.

Ina shara a ƙofar ɗakin, wayar a buɗe take, ina ji. Turancinsu na ƙwallo ne, guntu-guntu, ba wuya. Tsoho ya samu wani kulob a Asiya, a rukuni na ƙasa, yana wasa yana kuma taimaka wa koci. Suna neman ɗan tsakiya mai ƙarfi. Ya riga ya ba da sunan Yaya, ya nuna musu tsofaffin bidiyonsa na Sudan. Ya ce Yaya ya zo gwaji kafin wata ya ƙare. Sai ya tambayi gwiwa.

"Lafiya lau," in ji Yaya. "Na huta sosai."

Tsoho ya yi dariya. Ya ce tasa ma lafiya lau. Suka yi dariya tare.

Tun ranar gidan ya canja. Inna ta aika Rawayau cewa an sake sayensa, maƙiya sun ji kunya. Yaya ya fito da ƙwallo yana ɗan taɓa ta a tsakar gida da ƙafar dama, ta hagun tana biye kamar baƙuwa. Mai kyamis ya sake bi ta ƙofar baya. Ba sai ya haɗa kaya ba, jakar tana nan yadda ta zo.

Na same shi na ce, "Aikin fa?"

"In na dawo."

"A kura za ka dawo. Can ma ba su da kurar."

Ya ɗago ya kalle ni. "Auta, me kike so in zama a garin nan? Wanda yara ke yi wa tafi? In riƙe wa Baba igiyar sa? Can ko benci na zauna, ni ɗan wasa ne."

"Gurgu za ka zama."

"Ƙafarki ce?"

Na tafi zaure wajen Baba. Yana gyara igiya. Na durƙusa na ce ya hana shi. Ya ce mutum mai gemu ba a ɗaure shi a turke. Na ce to in tambaye shi wani abu na sana'a.

"Baba, in ka ga ana cinikin sa, ka san yana da aibi, mai shi ya ɓoye, me kake yi?"

"In ni ad dillali, sai in faɗa."

"In ba kai ba ne fa?"

"In mai saye ya tambaye ni, ba ni yi mashi ƙarya."

"In bai tambaya ba?"

Ya ci gaba da murza igiyar. "Wanga ciniki ba a sa ni ciki ba," ya ce. "Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. A hanyar komawa cikin gida na wuce Yaya ya jingina da bango, ya ɗaga ƙafar hagu daga ƙasa kamar zakaran da aka taka, yana zaton ba mai kallonsa. Da ya gan ni ya sauke ta da sauri ya yi murmushi.

Tsoho ba zai tambaya ba, na sani. Shi ya koyar da ɓoyon. Amma sunansa ya sa a gaban koci, kuma shi ma a kan gurguwar gwiwa yake cin abinci. Ba zai yarda a kawo masa wanda zai zube a makon farko, likita ya fara duba ƙafafun duk wanda ya shigo ta hannunsa ba. Mutumin da bai taɓa kwance jaka saboda kowa ba, ba zai fara saboda yayana ba.

Da Yaya ya shiga wanka na ɗauki wayarsa na kwafi lambar Tsoho. Bidiyon Kurfi yana nan a wayata, da kiɗansa, da kurar, da tafin. Turancina ya isa in rubuta cewa wannan shi ne, bayan Sallar nan aka ɗauka, kuma likita ya ce ƙafar ta gama. Yaya zai gane ni ce, ba wani a gidan da zai yi. Inna za ta ce na yi wa ɗan'uwana baƙin ciki, za ta kai maganar har Rawayau. Shi kuwa mai yiwuwa ba zai ƙara ce mini Auta ba. Ya je ya yi ta gaba da ni, a kan ƙafafunsa biyu.

Gobe ranar kasuwa ce, zai raka Baba kara. Suna fita zan tura wa Tsoho bidiyon, sannan in shiga ɗakin in zazzage jakar nan, in jera kayan a durowa.